Yadda saiwa ke sanar da ganye an shiga matsi: tambayoyi da amsoshi kan furotin da ke yawo a ruwan jikin tsiro

Waɗannan tambayoyi ne da ɗaliban aikin gona da malaman gona suke yawan yi idan aka zo batun yadda tsiro ke gamuwa da fari ko yunwa ko cizon ƙwaro a wani sashe na jikinsa, sai kuma wani sashen da abin bai taɓa ba ya ɗauki mataki. An fara da masu sauƙi.

Wane ruwa ake nufi idan an ce ruwan jikin tsiro?

Ruwa iri biyu ne, kowanne da jijiyarsa. Jijiyar ruwa, wadda masana ke kira zayilem, ita ce ke kwaso ruwa da sinadaran ƙasa daga saiwa zuwa sama. Matattun ƙwayoyin halitta ne da suka haɗu suka zama bututu, kuma tururin da ganye ke fitarwa shi ke jan ruwan. Tafiyarta ɗaya ce, daga ƙasa zuwa sama.

Jijiyar abinci kuwa, wato fuloyem, rayayyiya ce. Tana ɗaukar sukarin da ganye ya haɗa ta kai shi duk inda ake buƙata: saiwa, sabon toho, fure, 'ya'ya. Bajamushe Ernst Münch ne ya bayyana a 1930 cewa yawan sukari a wajen ganye shi ke jawo ruwa ya shiga, matsin ya tura komai gaba, kuma gudun yakan kai rabin mita zuwa mita guda a awa. A jikin bishiya wannan jijiya tana ƙarƙashin ɓawo. Shi ya sa idan masu neman sassaƙe suka zagaye gindin maɗaci da sara, bishiyar kan ɗauki lokaci da ganyenta kore shar kafin ta mutu: ruwa na hawa, amma abinci ya daina sauka wa saiwa.

To ƙaron ɗakwara da farin ruwan tumfafiya fa, su ma suna ciki?

A'a. Ƙaro abu ne da bishiya ke fitarwa don toshe rauni, farin ruwan tumfafiya kuma yana cikin wasu hanyoyi na daban, aikinsa korar dabba da ƙwaro. Abin da ya fi kusa da ruwan jijiyar abinci a cikin abubuwan da muka saba gani shi ne darɓar da ke mannewa a ganyen dawa. Ƙwarin darɓa ne ke zuƙar ruwan, su ɗebi abin da suke so, su zubar da ragowar sukarin.

Me ya kai furotin cikin wannan ruwa?

Bututun jijiyar abinci suna da rai, amma yayin da suke balaga sukan zubar da cibiyar da ke riƙe da ƙwayoyin gado, don hanya ta buɗe. Ke nan ba sa iya ƙera furotin da kansu. Ƙwayoyin halittar da ke manne a gefensu ne ke ƙerawa su tura musu ta wasu 'yan ƙofofi. A 2009 ɗakin binciken William Lucas da ke Jami'ar Kalifoniya a Davis ya ƙirga furotin sama da iri dubu a ruwan da ke fita idan an yanka karan shukar kabewa. Yawancinsu ma'aikatan cikin gida ne: masu toshe bututu idan ya fashe, masu kawar da guba, masu gyara sauran furotin. Ruwan zayilem bai kai haka kauri ba, amma shi ma ba ya rasa nasa.

Masu ɗaukar saƙon matsi 'yan kaɗan ne, kuma da yawansu gajeru ne ƙwarai. Furotin sarƙa ce ta sinadaran amino asid, wani yana da ɗaruruwa, amma waɗannan guntaye ba su wuce 12 zuwa 18 ba, ana yanko su ne daga wani furotin babba. A can inda za su sauka akwai wani furotin, mai karɓa, da ke zaune a fatar ƙwayar halitta yana jira. Tsakaninsu kamar makulli ne da kwaɗo: guntun da bai dace ba, ko ya zo ya wuce, ba abin da zai buɗe.

Idan ƙasa ta bushe, ta yaya ganye ke sani?

Ta hanya fiye da ɗaya. Mafi sauri ita ce ta ruwan kansa: da zarar saiwa ta kasa samun ruwa, jan da ke cikin zayilem zai ƙaru, ganye ya ji nan take. Sai kuma sinadarin ABA, wanda ke sa ƙofofin numfashin ganye su rufe don rage asarar ruwa. An daɗe ana koyar da cewa saiwa ce ke haɗa ABA ta aika sama. Gwajin aure a tumatir, wato ɗora saman wani tsiro a kan saiwar wani, ya rikita wannan bayani, domin an ga ganye na rufe ƙofofinsa ko da saiwar da aka ɗora shi a kai ba ta iya haɗa ABA yadda ya kamata. Yawancin sinadarin a ganyen ake yin sa.

Sai tambaya ta koma: wa ke gaya wa ganye ya fara? A 2018 Fuminori Takahashi da Kazuo Shinozaki na cibiyar RIKEN a Japan suka nuna wani guntun furotin mai amino asid 12, mai suna CLE25, wanda saiwa ke ƙara fitarwa idan ta ji ƙishirwa. Yana hawa zuwa ganye, masu karɓa biyu, BAM1 da BAM3, su kama shi, su kunna ƙwayar gadon da ke sa a haɗa ABA. Tsiron da aka kashe wa CLE25 ya fi saurin yaushi idan ruwa ya yanke. A kan Arabidofsis aka yi wannan aiki, wata 'yar ciyawa dangin kabeji da masana suka mayar abin gwaji, kuma wannan na da muhimmanci idan aka zo tambayar ƙarshe.

Yunwar taki fa? An ce saiwa na iya "roƙo" a madadin 'yar uwarta.

Wannan shi ne misalin da aka fi fahimta daga farko har ƙarshe, kuma ya fi kowanne nuna cewa saƙon zuwa da dawowa ne. Taki ba ya bazuwa daidai a cikin ƙasa. Wata saiwar kan faɗa inda naitirojin yake, wata ta faɗa fako. Idan aka raba saiwar tsiro gida biyu, aka ba ɗaya taki aka hana ɗaya, sai a ga wadda ke cikin taki ta ƙara ƙaimi wajen zuƙa fiye da yadda za ta yi in da dukkansu suna cikin wadata. Ta yaya ta san 'yar uwarta na cikin yunwa, alhali ba jijiyar da ta haɗa su kai tsaye?

Ɗakin binciken Yoshikatsu Matsubayashi a Jami'ar Nagoya ya warware wannan a matakai biyu. A 2014 suka nuna cewa saiwar da ke jin yunwa tana fitar da guntaye masu amino asid 15 da ake kira CEP, su bi zayilem zuwa ganye, inda masu karɓa CEPR ke jiransu. A 2017 suka gano amsar: ganye na haɗa wasu ƙananan furotin, CEPD1 da CEPD2, ya sako su ta jijiyar abinci zuwa ƙasa. Amsar na isa ga saiwoyin duka biyu, amma wadda ke kusa da naitirojin ce kaɗai ke ƙara yawan ƙofofin zuƙarsa. Ɗayar ba ta ɓata ƙarfinta a banza.

Daga baya, a 2020, suka ƙara gano wani ɗan uwansu, CEPDL2, wanda ganye ke aikawa da kansa idan shi ne ya ji ƙarancin, ba tare da jiran koken saiwa ba.

Wannan yana da alaƙa da ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar wake da gyaɗa?

Ƙwarai kuwa. Waɗannan ƙulle-ƙulle gidajen ƙwayoyin bakteriya ne masu kamo naitirojin daga iska, kuma tsiro na biyan su da sukari, don haka ba ya barin su yi yawa. Ƙulle na farko da suka fara fitowa suna aika guntayen CLE ta zayilem zuwa sama, ganye ya karɓa, ya mayar da umarnin a dakata. A tsakiyar shekarun 1980 Peter Gresshoff da abokan aikinsa a Ostareliya suka samu waken soya da ke yin ƙulli babu iyaka, da suka yi masa aure da lafiyayye sai suka ga saman ne ke yanke hukunci, ba saiwar ba. Mai karɓar saƙon a waken soya, NARK, an gano shi a 2003.

Idan naitirojin ya yi yawa a ƙasa, saiwa na fitar da nata guntun CLE da ke hana yin ƙulli. Manomin da ya zuba wa wake ko waken soya yuriya kamar yadda yake zuba wa masara ya kashe kuɗi ne ya sallami ma'aikatan da ke yi masa aiki kyauta.

Idan tsutsa ta ci ganye ɗaya, sauran ganyayen na shiryawa?

Suna shiryawa. A 1972 Clarence Ryan na Jami'ar Jihar Washinton a Amurka ya ga cewa idan ƙwaro ya ci ganyen tumatir ko dankalin turawa, ganyayen da ba a taɓa ba sukan cika da wasu furotin masu hana cikin ƙwaro narkar da abinci. Ya shafe kusan shekara ashirin yana neman abin da ke kai labarin. A 1991 ƙungiyarsa ta tace shi daga tulin ganyen tumatir: guntu mai amino asid 18, suka sa masa suna sistemin. Shi ne guntun furotin na farko da aka tabbatar yana aikin saƙo a jikin tsiro.

Sai dai labarin bai tsaya inda littattafan makaranta da yawa suka tsayar da shi ba. A 2002 gwajin aure da Gregg Howe ya yi a Jami'ar Jihar Mishigan ya nuna cewa aikin sistemin ya fi ƙarfi a kusa da raunin, inda yake sa a haɗa sinadarin jasmonik asid da yawa, kuma wannan sinadarin ko danginsa ne ke yin doguwar tafiyar. Sistemin mai ingiza saƙo ne, ba lallai shi ne matafiyin ba.

Wake ma yana da tasa dabara. A 2006 Eric Schmelz ya gano cewa idan tsutsar nan mai cin masara, wadda ta ɓulla a Nijeriya a 2016, ta ci ganyen wake, cikinta na yanka wani furotin na ganyen, guntun ya dawo cikin yawunta. Wake na gane wannan guntu, ya bambance cizon tsutsa da karyewar iska, ya fara fitar da ƙanshin da ke jawo maƙiyan tsutsar.

Ruwan jijiyar abinci ba shi da sauri. Ba a makara ba kafin saƙo ya isa?

Ga yunwar taki ko fari, awa ɗaya ko biyu ba makara ba ce. Ga cizo kuwa akwai hanya mai gaggawa. A 2018 Masatsugu Toyota da Simon Gilroy suka ɗauki hoton yadda igiyar kalshiyam ke tashi daga ganyen da aka ciza, tana gudun kusan milimita guda a daƙiƙa, ta isa wasu ganyaye cikin minti ɗaya zuwa biyu, tare da canjin lantarki a jikin jijiyoyin.

Nan ma furotin bai fita daga lissafi ba. Tun 1916 wani ɗan Italiya, Ubaldo Ricca, ya yanke reshen tsiron nan mai naɗe ganye idan an taɓa shi, ya haɗa yankan biyu da bututun gilashi mai ruwa, ya ga saƙon rauni ya ƙetare. Ya ce lallai wani abu ne ke bin ruwan. Sai a 2023 ɗakin binciken Edward Farmer a Lozan ta ƙasar Suwizalan ya nuna cewa a Arabidofsis wasu furotin ne, TGG1 da TGG2, ke kwarara cikin zayilem daga wurin rauni, su tayar da saƙon lantarkin a kan hanyarsu.

Cuta fa? Tsiro na yin wani abu mai kama da rigakafi?

Yana yi. A 1961 Frank Ross na Jami'ar Cornell ya shafa wa ƙananan ganyayen taba ƙwayar cutar bairos, bayan 'yan kwanaki ya ga ganyayen sama sun fi jure cutar, har da wasu cututtukan daban. Cikin abubuwan da ke kai wannan gargaɗi akwai ƙananan sinadarai, akwai kuma wani furotin mai suna DIR1 da aka gano a 2002, wanda tsiro in ya rasa shi yakan kare ganyen da aka kai wa hari amma ya kasa sanar da sauran.

Hanyar da gargaɗi ke bi, ita cutar ke bi. Bairos na da nasa furotin da ke buɗe masa ƙofa ya shiga jijiyar abinci, daga nan ya game jiki. Kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta lalata kimanin hekta 700,000 a arewacin Nijeriya a 1975, kuma tana cikin abubuwan da suka durƙusar da dalar gyaɗa.

Ta yaya ake tabbatar da cewa furotin ya yi tafiya, ba a wurin aka haɗa shi ba?

Babban ma'auni shi ne aure, irin wanda ake yi wa mangwaro da lemo, sai dai a nan ana yi wa 'yan tsirai ne a ƙarƙashin madubin ƙara girma. A ɗauki saiwar da ke iya haɗa saƙon a ɗora mata saman da ba ya iyawa, ko a juya. In furotin ɗin ya bayyana a sashen da ba shi da ƙwayar gadonsa, to ƙetarowa ya yi. Gwaje-gwajen da aka ambata a amsoshin fari da wake da tsutsa duk a kan wannan suka tsaya.

Samun tsabtataccen ruwan ma aiki ne. Jijiyar abinci na toshe kanta cikin gaggawa idan an yanka ta. Tun 1953 masana suka koma amfani da ƙwarin darɓa: a bar ƙwaro ya soka bakinsa cikin bututu ɗaya, a datse shi a bar bakin, ruwan ya riƙa ɗiga. Kabewa na ba da ruwa da yawa, shi ya sa aka so ta, amma a 2010 aka nuna cewa yawancin abin da ke fita daga wasu jijiyoyin gefe yake, ba daga babbar hanyar sukari ba.

Kuma samun furotin a cikin ruwa ba hujja ce cewa saƙo ne ba. A 1999 masana a Jamus suka sa tsiro ya haɗa wani furotin mai walƙiyar kore na wata halittar teku a gefen jijiyar abinci. Ba shi da wani aiki a jikin tsiro, amma ya zurara ciki ya isa har ƙarshen saiwa. Duk wanda ya ce ya gano "ɗaruruwan saƙonni" a ruwan tsiro, a tambaye shi uku: wane matsi ke tayar da su, wa ke karɓa, me ke faruwa in an cire su. Waɗanda suka haye wannan siraɗi ba su da yawa.

Zafi na shafar waɗannan saƙonni?

Misali mafi kusa shi ne dankalin turawa. Ganye ne ke gaya wa ƙarƙashin ƙasa lokacin fara ƙwai ya yi, ta hanyar furotin SP6A da aka bayyana aikinsa a 2011. Zafi na rage yawansa, sai tsiro ya yi ta ganye, ƙwai kuwa kaɗan. Wannan na cikin dalilan da suka sa nomansa ya fi karɓuwa a tsaunukan Filato, ko da sanyin hunturu a wuraren noman rani.

SP6A ɗan uwan FT ne, furotin da ganye ke aika wa kan tsiro ya fara fure. Mikhail Chailakhyan na Tarayyar Sobiyat ya yi hasashen wanzuwarsa a 1936, aka tabbatar da shi a 2007 a Arabidofsis da shinkafa. Wasu tsirrai na ƙara FT idan fari ya kama su, su yi fure da wuri don su samu zuba iri kafin su bushe.

Furotin ne kaɗai ke wannan aiki?

A'a. Ƙarancin fosfaras, alal misali, wani guntun RNA ne, wato dangin sinadarin ƙwayoyin gado, mai suna miR399 ke saukar da labarinsa daga ganye zuwa saiwa, kamar yadda aka nuna a 2008. Sukari kansa saƙo ne. ABA da jasmonik asid da kalshiyam an riga an yi bayaninsu a sama. Abin da furotin ya fi su shi ne keɓancewa: kowane guntu da mai karɓarsa, don haka "ina jin ƙishirwa" ba ya rikicewa da "ina jin yunwa".

Saƙo na iya ƙetarawa daga wani tsiro zuwa wani?

In akwai gada. Akwai wata ciyawa mai kama da zare rawaya, marar ganye, da ake kira Kuskuta, wadda ke naɗe tsiro ta soka bakinta cikin jijiyoyinsa biyu. Masana a Kunming ta ƙasar Sin sun nuna a 2017 cewa idan ta haɗa tsirrai biyu, aka sa tsutsa ta ci ɗaya, ɗayan ma yakan ɗaga garkuwarsa. A 2020 suka ƙara nuna cewa wani nau'inta na amfani da FT ɗin mai masaukinsa wajen sanin lokacin fure. Ƙuduji, mai addabar dawa da gero da masara, zayilem kaɗai yake haɗawa da shi kai tsaye.

Manomi zai iya amfana da wannan yanzu, ko sai nan gaba?

Wani ɓangaren ana amfana da shi tun kafin a san sunayen furotin ɗin. Zaɓen gindi mai jure fari ko cutar ƙasa a yi masa aure da iri mai kyawun 'ya'ya yana canza irin saƙon da sama ke samu, ba ƙarfin zuƙar ruwa kaɗai ba. A gonakin inabi na Ostareliya, a shekarun 1990, aka gwada shayar da gefe ɗaya na saiwa a bar ɗayan ya ɗan bushe, ana juyawa lokaci-lokaci. Gefen da ya bushe na sa ganye tsimin ruwa, gefe mai laima na ciyar da tsiron. Mai noman rani da ke sakin ruwa a kwari ɗaya ya tsallake ɗaya, ya juya a ban ruwa na gaba, yana kusa da wannan dabara, ko da yake sakamakon na bambanta da irin ƙasa da irin shuka.

Maganin feshi da za a ce yana ɗauke da "saƙon jure fari" kuwa, a yi hattara da shi. Guntayen furotin na saurin lalacewa a rana da ƙasa, haɗa su da yawa na da tsada, kuma tsiron da aka sa ya rufe ƙofofinsa ko ya zauna cikin shirin yaƙi kullum yakan rage girma da yabanya. Dawa da gero da masara da wake duk suna da danginsu na CLE da CEP, amma yawancin tabbatattun gwaje-gwajen a kan Arabidofsis da tumatir da waken soya aka yi su. Hanyar da ta fi kusa da gona ita ce ta masu samar da iri, irin su cibiyoyin binciken noma na IAR ta Samaru da IITA da ICRISAT, waɗanda za su iya duba waɗannan ƙwayoyin gado a cikin irin da suke tantancewa, su zaɓi wanda saiwarsa ke kai labari a kan kari.